Yadda ɗaliban karkarar Kano ke farautar tsofaffin ƙamusoshin rubutun gaggawa

Duk farkon zangon karatu, akwai wani littafi da ɗalibai masu koyon aikin ofis da na kasuwanci a arewacin Jihar Kano ke nema ruwa a jallo, amma da wuya su same shi sabo a kanti.

Littafin shi ne ƙamus na rubutun gaggawa, darasin da ake kira Shorthand a Turance. Rubutu ne na alamomi da sakatarori da masu ɗaukar rahoton zaman majalisa da wasu 'yan jarida ke amfani da shi domin kama magana daidai saurin da take fita daga bakin mai ita.

Da yake sabon ya yi wuya, idan ma an same shi kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun ɗan manomi, sai masu nema suka koma ga na gwanjo: wanda wani ya yi karatu da shi ya gama, ko wanda aka kwaso daga tsohon ofis, ko kuma wanda ya shigo cikin tarin littattafan da ake kawowa daga ƙasashen waje.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a nan maganar ta yi daidai, domin ƙamus ɗin da aka buga shekara 50 da suka wuce zai iya yi wa ɗalibin yau aiki tsaf. Sai dai akwai tarko. Ƙamusoshin ba iri ɗaya ba ne, ko da kuwa sunan da ke bangonsu ɗaya ne. Wanda ya sayo wanda bai dace da karatunsa ba, bayan asarar kuɗi, zai kwashe watanni yana haddace alamomin da malaminsa zai soke masa da jan biro ranar jarrabawa.

Kuɗin littafi daga rumbu yake fitowa

Yankin da ya taso daga Dawakin Tofa da Minjibir ya bi ta Bichi da Bagwai da Tsanyawa har Ɗambatta da Makoɗa, ƙasa ce ta noma da jama'a suka yi yawa a kanta. Gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, kuma ba a barin fili ya huta. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya yi nazarin yadda karkarar da ke kewaye da Kano ke ciyar da ɗimbin mutane daga ƙananan gonaki, ta hanyar zuba taki da kiwo da haɗawa da wata sana'a.

Kullum gado na ƙara tsaga gonakin. Shi ya sa magidanta da dama suke ganin dole wani daga cikin 'ya'ya ya samu takardar da za ta kai shi ofis ko aji.

Ɗaya daga cikin ƙofofin da suka fi kusa ita ce Kwalejin Ilimi da Ƙere-ƙere ta Tarayya da ke Bichi, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1980, kuma take da makarantar koyar da ilimin kasuwanci. Wasu kuma kan shiga birni, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, inda ake koyar da fasahar gudanar da ofis. A irin waɗannan kwasa-kwasai ne ɗalibi ke haɗuwa da rubutun gaggawa.

A gidan manomi, kuɗin rajista da na ɗaki da na littafi daga wuri ɗaya suke fitowa: buhun gero ko na wake ko na gyaɗa da aka fitar daga rumbu, ko akuyar da uwa ta kiwata aka kai kasuwa. Abin da aka kashe a kan littafin da bai yi amfani ba, ba ya dawowa sai wata kakar.

Me ya sa sai da ƙamus?

Mutum kan furta kalmomi fiye da 100 a cikin minti ɗaya idan yana magana yadda ya saba, alhali rubutun hannu na yau da kullum da wuya ya wuce 30. Wannan giɓin ne rubutun gaggawa ke cikewa.

Tsarin da ya fi kafuwa a makarantun Najeriya shi ne na Pitman, wanda aka gada daga Turawan Ingila. Ba ruwansa da yadda ake jera haruffan kalma, sautin da kunne ya ji shi ake rubutawa. Kowane baƙi yana da alamarsa, ko dai 'yar miƙaƙƙiyar sanda ko kuma lanƙwasa kamar baka.

Baƙaƙen da suka yi kama a furuci an haɗa su biyu-biyu, siffarsu ɗaya, kauri ne kawai ya raba su. Sandar da ke tsaye idan siririya ce tana nufin "t", idan mai kauri ce "d". Wadda ke kwance siririya "k" ce, mai kauri "g". Haka "p" da "b", haka "f" da "v". Da a ce Hausa ake rubutawa, danna fensir kaɗan ne zai raba "tafi" da "dafi", ko "kara" da "gara".

Wasula kuwa ɗigo ne ko ɗan gajeren ja da ake sakawa a gefen sandar, a farkonta ko tsakiya ko ƙarshe. Idan ana sauri sai a bar su gaba ɗaya, a nuna wasalin da wurin da aka ɗora kalmar: a saman layin takarda, ko a kan layin, ko kuma ta ratsa shi. Bayan haka akwai ƙugiyoyi da da'irori, da dokar rage tsawon sanda zuwa rabi ko ninka ta, da kuma jerin taƙaitattun alamomi na kalmomin da ake yawan maimaitawa, waɗanda sai dai a haddace su.

Saboda yawan waɗannan dokoki, kalma ɗaya za ta iya rubutuwa ta hanya biyu ko uku, amma ɗaya ce aka amince da ita, wadda ta fi sauri a hannu kuma ba ta rikicewa da wata. Ƙamus ne ke raba gardama. Yana jero kalmomin Turanci bi da bi, kowace da siffarta a gefe.

Littafin koyo yana koyar da doka da 'yan misalai. Amma ranar da malami ya yi shifta da wata kalma da ba ta cikin darasi, ko ɗalibi ya koma ƙauye hutu yana aikin gida babu wanda zai tambaya, ƙamus ne malaminsa.

Suna ɗaya, tsari daban-daban

Isaac Pitman, wani malamin makaranta ɗan Ingila da aka haifa a 1813, shi ya fitar da tsarin a 1837. A shekarun 1840 har ta gidan waya yake koyarwa, ɗalibai su aiko da aikinsu ya gyara ya mayar musu, abin da ake lissafawa cikin farkon karatu daga nesa a duniya. Bai daina yi wa tsarin kwaskwarima ba har ya mutu a 1897, kuma kamfanin da ya bari ya ci gaba.

A nan matsalar mai sayen gwanjo ta samo asali. Akwai bugun Centenary na 1913, wanda aka fitar domin cika shekara 100 da haihuwarsa. Akwai New Era na 1922, wanda ya fi kowanne yawan dokoki da taƙaitattun alamomi, kuma shi ne tsofaffin sakatarori da dama suka koya. Sannan a 1975 aka fito da Pitman 2000, aka sauƙaƙa dokokin, aka rage taƙaitattun alamomin zuwa 144 domin rage wa ɗalibi nauyin hadda.

Duk sunansu Pitman, kuma sandunan asali ba su canza ba, amma siffar kalmomi da yawa ta bambanta. New Era da Pitman 2000 duka suna yawo a kasuwannin Najeriya. Ɗalibin da ake koya wa ɗaya ya riƙe ƙamus na ɗayan, zai ga wasu kalmomin sun dace, wasu sun saɓa, ba tare da ya san dalili ba. Wannan ya fi cutarwa a kan littafin da tun daga shafin farko ake gane ba shi ba ne.

Akwai kuma reshen Amurka. Benn Pitman, ƙanin Isaac, ya kai tsarin can a 1853, ya kafa makarantarsa a birnin Cincinnati. Da Isaac ya juya jerin wasu wasula a 1857, Benn ya ƙi bi. Don haka tsohon littafin Amurka mai sunan Pitman zai iya saka ɗigo a inda ɗalibin Bichi zai karanta wani wasali daban.

Sai tsarin Gregg, wanda John Robert Gregg, haifaffen Ireland, ya fitar a 1888, ya kuma mamaye makarantun Amurka. Shi babu ruwansa da kauri, tsawon alama ne ke raba baƙaƙe. Shi ma yana da nasa bugu-bugu: Anniversary na 1929, Simplified na 1949, Diamond Jubilee na 1963, Series 90 na 1978. Kalmar Anniversary kanta tarko ce, domin akwai wani littafin koyon New Era na Pitman da aka fitar a ƙarshen shekarun 1980 mai ɗauke da ita a bango.

Na ƙarshe shi ne Teeline, wanda James Hill ya ƙirƙiro a 1968 daga haruffan boko da aka datse. Shi ne 'yan jaridar Birtaniya suka fi koya a yau.

Ga wanda bai taɓa shiga ajin ba, duka tsutsar rubutu ce iri ɗaya. Mai sayar da littafi a bakin titi bai zama dole ya san bambancin ba, haka ma yaya ko kawun da aka ba saƙo ya sayo daga birni.

Inda ake samunsu

Kasuwannin ƙauye da ke ci mako-mako suna da masu baza littattafai a tabarma, amma kayansu ya fi karkata ga littattafan addini da na firamare da na hikayoyin Hausa. Mai neman ƙamus na rubutun gaggawa yawanci sai ya shiga birni, kimanin kilomita 40 daga Bichi, ya bi rumfunan littattafai na Sabon Gari da kewayen Bata, yana tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin motar zuwa da dawowa ya zama wani ɓangare na farashin littafi. Wanda ya je bai samu ba ya yi asara, wanda ya sayo ba daidai ba ya yi asara biyu, domin kayan gwanjo ba a cika karɓar su idan an mayar ba.

Hanya ta biyu, wadda ta fi aminci, ita ce hannun waɗanda suka gama. Ɗalibin da ya kammala a sashe ɗaya, a hannun malamai ɗaya, littafinsa ya riga ya ci jarrabawar da mai saye zai shiga. Sau da yawa ma akan samu ƙarin bayanin malami da fensir a gefen shafi.

Hanya ta uku ita ce gidajen tsofaffin ma'aikata. A zamanin En'e da farkon ƙananan hukumomi, kusan kowane ofis yana da mai tafireta, manyan ofisoshi kuma suna da sakataren da ke ɗaukar shifta. Da yawa sun yi ritaya sun koma garuruwansu, littattafansu na cikin adaka. Irin waɗannan kwafi kan kasance bugun Ingila na asali mai kyan takarda, sai dai dole a duba ko tsarin da dattijon ya koya shi ake koyarwa yanzu.

Ta huɗu ita ce intanet. Shagunan irin su eBay da AbeBooks da Amazon suna cike da tsofaffin ƙamusoshin, wasu da araha ƙwarai a kuɗin can. Amma tun da aka saki darajar Naira a Yunin 2023, kuɗin aikowa kaɗai kan ninka na littafin. Ga shi kuma sayen kifi a ruwa ne: mai talla kan rubuta sunan Pitman kawai, ba tare da faɗin bugun ba. Duk wanda zai saya ta nan, ya nemi a turo masa hoton shafin farko da na wani shafi daga ciki kafin ya biya.

Tarkon fotokwafi da na waya

Idan littafi ya yi wuya, dabarar ɗalibi ita ce fotokwafi. A wasu darussan babu abin da ke raguwa, amma a rubutun Pitman injin na iya cinye ilimin kansa.

Injin da tawadarsa ta yi yawa kan kumbura siririyar sanda ta koma mai kauri. Wanda tawadarsa ta kusa ƙarewa kan rame mai kaurin. Ɗigon wasali kan ɓace, ko ƙurar da ke kan gilashi ta haifar da ɗigon da babu shi. Idan aka yi kwafi daga kwafi, sau uku ko huɗu, sai "t" da "d" su zama abu ɗaya. Haka abin yake a littattafan jabu da masu satar fasaha ke bugawa a kan takarda mai shan tawada.

Waya ma tana da nata. Akwai tsofaffin ƙamusoshi da aka ɗauki hotonsu aka ɗora kyauta a rumbuna irin su Internet Archive, kuma ana tura su a zaurukan WhatsApp na ɗalibai. Dalilin da ya sa suke kyauta shi ne sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya ƙare, ma'ana da yawansu sun girmi tsarin da ake koyarwa a aji. Ga ƙanƙantar fuskar waya, ga matsalar caji a ƙauyen da wuta ba ta zama.

Wani sabon salo kuma shi ne na kamfanonin da ke ɗauko irin waɗancan hotuna su buga su cikin sabon bango mai sheƙi, da shekarar kwanan nan a jiki. Mai saye zai ɗauka sabon bugu ya samu, alhali abin da ke ciki ya haura shekara 100. Tsohon littafi mai yagaggen bango da ya dace da manhaja ya fi irin wannan sau goma.

Abin dubawa kafin a miƙa kuɗi

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a hau mota, a tambayi malamin darasi sunan tsarin da bugun da yake koyarwa, a rubuta a takarda harafi da harafi. Idan aike za a yi, a tura wa ɗan aiken hoton bangon ta waya.

A kasuwa, kada a tsaya ga bango, domin masu ɗinkin littafi kan sake wa tsoho riga. A buɗe shafin farko da bayansa, inda ake rubuta sunan bugu da shekara da garin da aka buga.

A tafi da littafin koyo na aji. A zaɓi kalmomi biyar ko shida daga cikin taƙaitattun alamomin da aka riga aka koya, a nemo su a ƙamus ɗin. Idan siffofin sun yi daidai, tsarin ɗaya ne. Wannan gwajin ba ya cin minti biyar.

A fito da littafin cikin haske a duba ko ido na raba siririyar sanda da mai kauri ba tare da wahala ba, a shafuka daban-daban, ba wuri ɗaya ba.

A bi haruffa daga farko zuwa ƙarshe. Tsohon littafi ya fi zubar da shafukan farko da na ƙarshe, wani lokacin kuma ɗauri guda ne ke fita daga tsakiya. Ƙamus ɗin da ya tsallake daga "m" zuwa "p" ba a gane shi sai ranar buƙata. A duba ramukan gara da tabon ruwa da ya manne shafuka.

A san irin wanda ake so. Akwai ƙaramin na aljihu, mai kalmomin da aka fi amfani da su, wanda ya ishi mai koyo. Akwai babba na tebur, wanda ya fi dacewa da malami ko mai aiki. Wasu siffa kawai suke bayarwa, wasu kuma sun haɗa da ma'anar kalmar. Wanda Turancinsa bai zauna ba zai fi amfana da mai ma'ana, domin ba a iya mayar da alama zuwa kalmar da ba a sani ba.

Idan aka ga hatimin ɗakin karatu na wata makaranta a jiki, babu alamar cewa makarantar ce ta fitar da shi da kanta, a ajiye shi. Wataƙila shi ne kwafi ɗaya da ɗaruruwan ɗalibai ke dogaro da shi, wani ya zare.

Tsufa kaɗai ba aibi ba ne. Ƙamus na shekarun 1960 ba zai ƙunshi kalmomin kwamfuta da intanet ba, amma wanda ya san doka zai gina siffarsu da kansa ya rubuta a shafin baya.

Marubutan Hausa ma haka abin yake

Ƙamusoshin Pitman na kalmomin Turanci ne, babu alamar ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsu. Ɗan jarida ko marubucin da ke aiki da Hausa, wanda ya zo rumfar gwanjo, yawanci wani ƙamus ɗin yake nema, kuma shi ma shekara da bugu su ne abin dubawa.

Ƙamus na G. P. Bargery, wanda aka buga a 1934, yana da kalmomi kimanin 39,000 a shafuka fiye da 1,200. Har yau babu kamarsa wajen kalmomin noma da kiwo da saƙa da rini da sarauta, irin waɗanda tsofaffin Bichi da Ɗambatta ke faɗa, jikokinsu na birni ba su sani ba. Mawallafar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993. Sai dai ya riga daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa na yanzu, don haka wurin neman ma'ana ne, ba wurin koyon yadda ake rubuta kalma a yau ba.

R. C. Abraham ya fitar da nasa a 1949 tare da Malam Mai Kano, aka sake bugawa a 1962, kuma ya yi fice wajen misalan jimloli da karin magana. Neil Skinner ya yi na Turanci zuwa Hausa wanda ɗaliban Arewa suka daɗe suna riƙewa. A 1977 Paul Newman da Roxana Ma Newman suka fitar da ƙaramin na Hausa zuwa Turanci daga Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya da ke Kano, wanda ya bazu a makarantu.

A 2006 cibiyar ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, mai fassara Hausa da Hausa. A 2020 kuma mawallafar jami'ar ta buga sabon na Newman da Newman, wanda ya haɗa Hausa zuwa Ingilishi da Ingilishi zuwa Hausa a littafi ɗaya.

Mai rubuta labarin ƙauye na zamanin da, Bargery zai nema. Mai fassara labaran yau, na baya-bayan nan ne nasa. Wanda aka aika ya sayo "ƙamus na Hausa" kawai, duk wanda ya kawo ya cika aike, amma ba lallai ya biya buƙata ba.

Ko darasin na da sauran amfani?

Tambayar da ɗalibai ke yawan yi ke nan, ganin kowace waya tana naɗar murya. Hukumomin ilimi ma sun taɓa ta. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ta sauya tsohon kwas ɗin sakatare zuwa na fasahar gudanar da ofis a manhajar 2004, inda aka ƙara wa kwamfuta nauyi, aka rage wa rubutun gaggawa, amma ba a fitar da shi ba.

Masu sukar darasin na ganin lokacin da ake kashewa a kansa ya fi dacewa da koyon kwamfuta, kuma yana cikin darussan da ɗalibai suka fi tsoro. Masu kare shi kuma suna nuni da cewa muryar da aka naɗa ta awa ɗaya sai an kwashe awanni ana saurare ana rubutawa, alhali mai rubutun gaggawa yana tashi daga taro da bayanansa a hannu, ya san shafin da kowace magana take.

Akwai kuma wuraren da ba a yarda da naɗar murya ba. A Ingila dokar 1981 ta hana naɗa a kotu ba tare da izinin alƙali ba, shi ya sa har yau hukumar horar da 'yan jaridar Birtaniya ke ɗaukar kalma 100 a minti a matsayin ma'aunin ƙwarewa. A Najeriya, alƙalai da dama har yanzu da hannu suke rubuta bayanan zama, abin da lauyoyi suka daɗe suna cewa yana cikin dalilan jan shari'a.

Ko ma wane ɓangare ne ke da gaskiya, ga ɗalibin da darasin ke cikin kwas ɗinsa muhawarar ba ta canza komai. Idan bai ci ba zai maimaita, idan maimaicin ya ja shi zuwa ƙarin shekara, rumbun gida ne zai sake biya.

Littafin da ke ratsa hannaye

Tun da ba kullum ake samun sababbin kwafi ba, waɗanda ke hannu su ne jarin yankin. A ɗakin ƙasa, manyan abokan gabar littafi su ne gara da yoyon damina da ɓera. Akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan dutse ko bulo, da leda a ciki, da fitar da littafin ya sha iska idan rani ya shigo, sun isa su ƙara masa shekaru. Wanda ɗinkinsa ya saki, masu ɗinkin littafi a birni suna gyara shi da kuɗin da bai kai na wani kwafin ba. Rubutu a gefe kuma da fensir ake yi, domin na baya ya iya gogewa.

Ɗalibai 'yan gari ɗaya kan iya haɗa kuɗi su sayi kwafi ɗaya mai kyau su riƙa karɓa-karɓa, maimakon kowa ya riƙe dusasshen fotokwafi. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi, waɗanda suka saba shirya bikin yaye 'yan uwansu, za su iya karɓar littattafan masu fita su ajiye wa masu shigowa. Malaman sashe kuma, layi ɗaya a allon sanarwa mai ɗauke da cikakken sunan bugun da ake buƙata zai hana asarar da ake yi kowace shekara.

Haka ma iyalan tsofaffin akawuna da masu tafireta. Littafin da ke ƙasan adakar Baba, wanda ake shirin bai wa mai ƙosai ta yi ƙunshi da shi, wataƙila shi ne wata yarinya a unguwar ta je birni sau biyu tana nema ba ta samu ba. Kafin a yage shi, a buɗe shafin farko a karanta mata abin da aka rubuta.